A koyar da manhajar taswira ta kyauta, a kuma koyar da gyaran matsalolinta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga makarantunmu da ke koyar da safiyo da tsara birane, da ma'aikatun ƙasa na jihohi, game da manhajojin zana taswira.

Har yau ɗalibai da yawa suna dogara da manhajojin sata, alhali QGIS, wadda aka fara ƙirƙira tun 2002, kyauta ce kuma kowa yana da ikon duba yadda aka gina ta. Hotunan tauraron ɗan'adam ma sun daina zama na masu kuɗi: Amurka ta buɗe taskar Landsat ga kowa a 2008, sannan Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ba da hoton da kowane ɗigonsa ke wakiltar mita 10. Da waɗannan, ɗalibi zai iya bin diddigin yadda ciyawar kachalla ke cinye fadamar Haɗejiya da Nguru shekara bayan shekara.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin yanke wa manhajar hukunci cewa ba ta aiki, bayan kuwa yawancin matsalolin daga rashin koyar da tushe suke. Tsofaffin taswirorin Najeriya an gina su ne a kan ma'aunin Minna (ma'auni shi ne tushen lissafin da ke tantance inda kowane wuri yake a doron ƙasa), yayin da na'urar GPS da hotunan sama ke amfani da ma'aunin duniya da ake kira WGS 84. Idan aka ɗora su tare ba a faɗa wa manhajar ma'aunin kowanne ba, iyakar fili tana iya gocewa da gomman mitoci, kuma a garin da ake shari'a a kan taku biyu na ƙasa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Haka nan Najeriya ta faɗa cikin shiyyoyi uku na UTM (tsarin da ya yanka duniya shiyya-shiyya don awon taswira), wato 31 da 32 da 33, kuma Kano da Maiduguri ba a shiyya ɗaya suke ba, don haka wanda ya ɗauki saitin Kano ya yi aikin Maiduguri da shi ya riga ya kauce.

Akwai kuskuren da ya fi wannan ɓuya. Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas, idan aka musanya lambobin biyu a teburin bayanai, ɗigon zai sauka wajen Ganye a Adamawa, kuma tun da bai fita daga ƙasar ba, mai aikin ba lallai ya farga ba. Sannan ga masu tura fayil ɗin taswira na .shp shi kaɗai ta WhatsApp, su bar abokan tafiyarsa .shx da .dbf da .prj a baya, wanda aka tura wa ya kwana yana zargin kwamfutarsa.

Matsalar gajimare da ke tare hotunan sama a damina ma tana da mafita, domin tauraron Sentinel-1 da na'urar radar yake aiki, yana ganin ambaliya ko da hadari ya rufe sama, kuma manhajar SNAP da ake sarrafa hotunansa da ita kyauta ce.

Saboda haka ina roƙon shugabannin sassa su ware zangon karatu guda ga QGIS, a fara da darasin ma'aunai kafin ɗalibi ya taɓa zana komai, ma'aikatu kuma su wajabta rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi a jikin duk taswirar da za su karɓa.

Wassalam,
Wani ma'aikacin safiyo, Kano