Gaisuwar Babbar Sallah daga Dablin

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kuɗin ragon sun iso kafin 'yan kara su tsawwala. A gaida Baba da Inna, da yara baki ɗaya.

Mun yi Idi a masallacin South Circular Road, ana yayyafi kamar kullum. Ba hawa, ba kalangu, ana sallamewa kowa ya nufi bakin aiki. Da yamma kewa ta ishe ni, sai na haura wurin dattijon nan maƙwabcina da ke koya mini banjo. Kada Baba ya ji tukuna.

Yaya, abin nan ɗan uwan gurmi ne: fata ce aka ɗaure wa baki, ga wuya, ga tsirkiya. Shi da kansa ya ce bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da ƙwarya a tsibiran Karebiyan da Amurka. Irin nasa mai tsirkiya 4 ne, gajeren wuya, tena suke ce masa.

Abin da ya ɗaure mini kai, yana da guda biyu iri ɗaya sak, amma halinsu ya bambanta. Ɗaya ya tamke tsirkiyarsa tamau don kiɗan jaz, yadda ake yi a birnin New Orleans na Amurka a shekarun 1920. Nan duka huɗun ake sharɓa lokaci guda da ɗan ɓallin roba, domin a ji ka cikin hayaniyar masu busa. Ɗayan kuwa tsirkiyarsa ta fi kauri, muryar ta sauko ƙasa, an daidaita shi da gogen mutanen ƙasar nan, Ayilan. Wannan ɗaurin Barney McKenna na ƙungiyar Dubliners ne ya yaɗa shi a shekarun 1960. Da shi ake kiɗan rawar Ayilan, ɗaya bayan ɗaya kake tsinkar sautin, da gudu kamar ana binka bashi.

Dattijon ya fi ji da na ƙasarsu, ni kuma hannuna na jaz yake so, don da na sake jiki sai kiɗan kuntigi ya fito. Jiya ya tsaya ya ce in maimaita, ya yi ta gwadawa bai kama ba.

Idan akwai mai tahowa, ka sayo mini gurmi ƙarami, na yi masa alkawari. A haɗo da kilishi in zai wuce filin jirgi, in ba zai wuce ba, yaji ma ya isa.

Ƙaninka