A Ba Sauti Haƙƙinsa A Finafinan Gwaji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu domin in yi magana da matasanmu da suka fara shirya gajerun finafinai na gwaji, wato irin waɗanda ba jero labari ne ya dame su ba, burinsu shi ne mai kallo ya ji wani yanayi a jikinsa. Na kalli da dama daga cikinsu, kuma abin da ke sosa mini rai shi ne yadda ake shan wahala a kan hoto, a yi ta dakon hasken la'asar har ya yi daidai, amma da an zo kan sauti sai a sauko da kiɗan fiyano daga intanet a shimfiɗa shi tun daga farko har ƙarshe, tamkar dai kowane tuwo miyarsa ɗaya.

Wannan damuwa ba yau aka fara ta ba. Tun a 1928, lokacin da sauti ke shigowa silima, wasu daraktoci uku na Tarayyar Sobiyet, Eisenstein da Pudovkin da Alexandrov, suka fitar da sanarwa suna gargaɗin cewa muddin sauti ya tsaya ga maimaita abin da ido ya riga ya gani, to fasahar za ta ci baya, don haka gara ya riƙa saɓa wa hoto.

Wanda ya fi gamsar da ni a kan wannan shi ne Djibril Diop Mambéty, ɗan ƙasar Senegal, a fim ɗinsa Touki Bouki na 1973. Fim ɗin ya buɗe da yaro yana kora shanu masu dogayen ƙahoni, ana busa sarewa a hankali, har zuciyar mai kallo ta kwanta, sai kwatsam ya tsinci kansa a mayanka. Daga nan kunne ba ya sake yarda da kwanciyar hankali. Saurayi da budurwar da ke cikin labarin suna mafarkin barin Dakar zuwa Faransa, shi kuwa Mambéty bai sa su tsaya suna dogon bayani a kan wannan buri ba. Ya ɗauko ɗan guntun wata waƙar Josephine Baker mai ambaton birnin Paris, ya riƙa maido da shi yana katse shi, har waƙar da ta fara da daɗi ta koma kamar sauro a kunne. A ganina wannan gutsuren waƙa ya fi kowace magana bayyana yadda kwaɗayin Turai ke cin ran matashi.

Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da nasu rabon a tarihin nan. Jean Rouch, wani Bafaranshe mai shirya finafinai, ya ɗauki fim ɗin Moi, un noir a unguwar Treichville ta Abidjan da kyamarar da ba ta naɗar murya, sannan daga baya Oumarou Ganda, ɗan Nijar da ke aikin dako a can, ya kalli hotunan ya ɗora maganarsa a kansu. Fim ɗin ya fito a 1958. Muryar ba ta tafiya daidai da motsin baki, kuma wannan tazarar ce ta sa mai kallo yake ji kamar ya shiga zuciyar mutumin yana sauraron abin da yake saƙawa. Rashin kayan aiki ne ya jawo haka, amma aka mayar da shi dabara.

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata ya kawo mini fim ɗinsa na minti biyar da ya ɗauka a marinar Ƙofar Mata, inda ya fi karkata ga masu bugu. Hotunan sun yi kyau ƙwarai, ga hannuwa shuɗaye har gwiwar hannu, ga zufa tana bin wuya, amma ya rufe komai da kiɗa mai ban tausayi. Na ce masa, "Ɗana, cire kiɗan nan mu ji." Da ya cire, sai ga amon gudumar itace a kan shadda, mutum biyu suna karɓa-karɓa, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, kamar lugude. Ya koma da wayarsa ya sake naɗar bugun shi kaɗai, ya lulluɓe bakin wayar da safa saboda iska, ya ɗora amon a kan hoton ruwan baba da ke kwance cikin rami babu kowa a wurin. Da bugun ya tsaya cak, ya bar daƙiƙa goma ba sauti. Mahaifiyarsa da ke kallo tare da mu ta ce tsigar jikinta ta tashi.

Ba ina cewa a yi watsi da kiɗa ba ne, domin goge ko gurmi ko algaita suna da wurinsu idan an san dalilin sa su. Abin da nake nema shi ne a zaɓi sauti da gangan kamar yadda ake zaɓar inda za a kafa kyamara, a kuma san cewa ƙugin janareto daga nesa, da karatun almajirai da asuba, da kukan kurciya da tsakar rana, kowannensu yana ɗauke da lokaci da wuri da halin zuciya.

Ina kuma roƙonka, ya Edita, da masu yi muku sharhin finafinai su riƙa faɗin abin da suka ji, ba abin da suka gani kaɗai ba, su kuma riƙa ambaton sunan wanda ya haɗa sautin, domin yawancinsu har fim ya fito ya shuɗe ba a san da su ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano