Rahoton Ayyukan Shekara: Daga Sakatariya zuwa ga 'Yan Uwa Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ga rahoton shekarar da ta ƙare. Ya makara, mun sani, jiran rasidai daga wakilan tsangayoyi ne ya tsayar da shi, wasu ma har yau ba su kawo ba. Tarukan wata-wata an yi su in ban da lokacin hutu, fuskokin da aka saba gani kuma su aka gani. An tarbi sababbin ɗalibai, an duba marasa lafiya, an je ta'aziyya.

Aikin da ya cinye mana shekara shi ne batun takardunmu na asibiti da inda suke kwana. Kowa ya tuna mafarinsa: jerin sunayen nan da aka manna a allon sanarwa na wata tsangaya dab da jarrabawar zango na farko, da suna da lambar rajista da lalurar kowa a rubuce ɓaro-ɓaro, wannan farfaɗiya, wancan sikila, waccan lalurar ƙwaƙwalwa. Wanda ya manna so yake masu tsaron jarrabawa su san wanda za a ƙara wa lokaci, ba mu zarge shi da mugunta ba. An cire takardar washegari, sai dai kafin nan an ɗauke ta hoto a waya. Kun san har gobe akwai masu ganin ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu, kun kuma san abin da kalmar sikila take yi wa zancen aure.

Kwamitin da aka naɗa ya bi sawun rahoton likita guda ɗaya tun daga ranar rajista. Asibitin makaranta yana karɓar kwafi lokacin tantancewa. Ofishin harkokin ɗalibai yana karɓar nasa kafin ya ba da ɗaki a ƙasan bene. Sashen karatu ya karɓa ya sa a fayil, jami'in jarrabawa ya karɓa, mai kula da aji ya ce shi ma a ba shi, hukumar tallafin karatu ta jiha ta nemi nata. Kwafi 6 ke nan kafin a shiga aji, ban da wanda ya rage a kwamfutar mai shagon fotokwafi, domin yawancinsu ba sa goge abin da suka ɗauka, yana nan a fuskar kwamfutar duk mai zuwa buga aikin gida yana gani. A cikin waɗannan wurare asibiti ne kaɗai yake da dalilin sanin sunan ciwo. Jami'in jarrabawa abin da yake buƙata shi ne minti nawa za a ƙara, waye ke son takarda mai manyan haruffa, waye ke son mai rubuta masa, waye zai zauna kusa da ƙofa.

Doka tana bayanmu a nan, kuma ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya riƙe ta. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta sa halin lafiyar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri, tare da zanen yatsa da addini da ƙabila. Sashe na 24 ya ce a karɓi iya abin da ake buƙata don wata manufa sananna, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin da manufar ta ƙare. Sashe na 34 ya ba ka damar tambayar abin da aka ajiye game da kai, da wanda aka ba shi, ka nemi a gyara ko a goge. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, sashe na 40 ya wajabta a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72. Dokar haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018 ita ce ta ba mu haƙƙin tallafin kansa, wato sauƙin da ake yi mana a karatu. Ba a ce sai ka tona asirinka ga kowane masinja kafin ka same shi ba.

Da wannan muka shirya taron ranar 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, kuma alhamdu lillahi shi ne abin da ƙungiyar nan za ta daɗe tana alfahari da shi. Zauren ya cika har aka aro kujeru. Shugaban harkokin ɗalibai ya zo da kansa, bai turo wakili ba, ga babban likitan asibitin makaranta, ga jami'an jarrabawa daga tsangayoyi da dama, ga wata malama daga tsangayar shari'a da ta warware dokar dalla-dalla da Hausa da Turanci ba ta karɓi ko sisi ba. Tafintocin maganar hannu biyu suka riƙa karɓar juna, an kuma raba jadawalin taron da rubutun makafi, abin da ba mu taɓa iya yi ba sai bana.

Abin da ya fi kama jikin mahalarta shi ne gwajin da 'yan kwamiti suka yi a kan majigi da sunayen ƙarya. An buɗe jadawalin Excel irin wanda ofisoshi ke tura wa juna, an ɓoye layin lalura kamar yadda ake yi, aka tura, sai mai karɓa ya danna sau biyu layin ya dawo. Zauren ya yi tsit. Daga nan aka nuna saƙon imel da aka jera adireshin kowa a fili, wanda da shi kaɗai kowane mai karɓa ya san sauran masu samun tallafi, sannan fom ɗin Google da aka bar damar ganin amsoshi a buɗe, sannan takardar da aka tura ta WhatsApp tana sauka da kanta cikin hotunan wayar duk wanda ke zauren WhatsApp ɗin. Wani jami'in jarrabawa ya miƙe ya ce shi ma haka yake yi shekara da shekaru, bai san aibu ba ne. Mun gode masa, ba kowa ke iya faɗin haka a bainar jama'a ba.

Kafin a tashi aka amince da tsari, kuma an fara aiki da shi a jarrabawar da ta biyo. Rahoton likita ya tsaya a asibiti, a fayil ɗin ɗalibi, cikin kabad mai makulli. Likita ya cike takarda mai shafi ɗaya wadda ke ɗauke da lambar rajista, irin tallafin da za a bayar, da ranar da za a sake dubawa, babu sunan ciwo. Ɗalibi ya sa hannu ko ya dangwala a gaban sunan kowane ofishin da ya yarda a kai wa. Jami'in jarrabawa ya miƙa wa babban mai tsaron zaure nasa jerin a ambulan rufaffe da safen jarrabawa, a mayar masa tare da takardun amsa. Ba a ƙara mannawa a allo. Shinkafar da aka ci ranar taron ma gudummawar tsofaffin 'yan ƙungiya ce, Allah ya saka musu.

Yanzu abubuwan da ba su kammala ba, tunda mun san a nan za a fi yi mana tambaya. Tsangayoyin da jami'ansu ba su halarci taron ba har yanzu suna neman rahoton likita cikakke. Mun rubuta, mun bi, amsar ita ce sai an ga takardar umarni daga ofishin magatakarda, kuma ƙungiyar ɗalibai ba ta da ikon fitar da irin wannan takarda. Buƙatarmu ta a bayyana sunan jami'in kare bayanai da ofishinsa, wanda za a kai wa ƙorafi kai tsaye, tana nan a kan tebur. Tsofaffin fayilolin waɗanda suka gama karatu suna jibge a sito, ba a yanke shekarun da za a riƙe su ba balle yadda za a ƙone su, kuma duk mai sayen ƙosai a bakin ƙofar makaranta ya san inda tsofaffin takardun ofis suke ƙarewa.

Fom ɗin amincewa na makafi kuwa laifinmu ne, amma a ji dalili. Wanda aka fitar hoton takarda ne, manhajojin karanta allo irin su NVDA da JAWS ba sa karanta shi yadda ya kamata, don haka makaho sai ya nemi wanda zai karanta masa, sirrin ya sake fita ta nan. Maganinsa a sake buga shi a matsayin rubutu, a kuma fitar da na rubutun makafi. Na farkon an yi, na biyun kuɗin takarda da na bugu ya tsayar da shi. Haka rajistar ƙungiya: mun yi alkawarin sayen akwatin ƙarfe mai makulli da filashi mai kalmar sirri, ba a saya ba, littafin yana yawo a jakar sakatare. Mun dai yage shafin da ake rubuta lalura mun ƙone a gaban shaidu.

Dalilin waɗannan biyun bai wuce kuɗin wata ba. Waɗanda suka biya na shekara cikakke ba su kai rabi ba, ma'aji zai karanta lissafi a babban taro. Mun san halin da ake ciki, shi ya sa aka ce wanda ba shi da hali ya faɗa wa ma'aji a asirce a yafe masa, kuma masu faɗin sun faɗa. Maganarmu da waɗanda ba sa biya, ba sa zuwa taro, ba sa amsa waya, amma ranar da aka ji ƙishin-ƙishin rabon tallafi su ne a sahun gaba. Wasunsu ma su ne ke tura hoton takardar asibitinsu da katin ɗan ƙasa cikin zaurenmu na WhatsApp duk lokacin da wani ya ce ga wata ƙungiyar agaji tana tara sunaye, ba su tambayi ko wace ce ba, ba su tambayi abin da za a yi da shi ba. Ya za mu yi mu tsare ofisoshi da doka alhali mu da kanmu muna rabawa kyauta? Daga yau duk irin wannan takarda da aka tura masu kula da zaure za su goge ta nan take, kowane neman sunaye daga waje kuma sai ya biyo ta sakatariya a rubuce.

Babban taro yana nan Asabar ta farko bayan dawowa hutu, a inda aka saba, bayan la'asar. Wanda yake son karɓo kwafin rahotonsa daga sashe ko ofishin harkokin ɗalibai ya zo da lambar rajistarsa, akwai samfurin wasiƙa da za a cike masa. Masu bashi su zo da abin da ya sauwaƙa. Ana kuma neman mutum biyu da za su karɓi aikin bibiyar ofishin magatakarda, don waɗanda ke yi suna ajin ƙarshe.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa