Godiya ga Ofishin Fita Yawo na Jirgin Ruwan da Ya Kai Mu Tsibiran Karibiyan

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin shirya fita yawo,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ni ne dattijon nan mai babbar riga da ya yi ta zarya a gaban teburinku, shi da uwargidansa mai dogara sanda, a tafiyar da jirginku ya yi daga Mayami zuwa Kozumel da Kayman da Jamaika cikin watan Afrilu. Takardar da ake ba fasinja ya cike ranar sauka ba ta da filin da zai ɗauki abin da ke bakina, shi ya sa na rubuto a fili kuma da harshena, don mutanenmu ma su karanta. Ɗana da ya biya mana kuɗin tafiyar, ya kuma raka mu, zai karanta muku da Turanci.

Ni ɗan kasuwa ne, a Kantin Kwari na tsufa. Na san mai kayan da ke son ya raba ka da kuɗinka yau, na kuma san wanda ke son ka dawo baɗi. Daga ni har Hajiya ba wanda ya taɓa kwana a kan teku, ba mu san komai ba game da waɗannan tashoshi, kuma a kasuwa irinmu ne ake yi wa yankan ƙauna. Ku ba ku yi mana ba. Wannan ne dalilin wasiƙata.

Hoton da ya fi kama ido a littafinku shi ne na Tulum, tsohon garin mutanen Maya, 'yan asalin yankin, da ke kan dutse a bakin teku. Hajiya ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Alhaji, nan za mu." Shi ne kuma mafi tsada cikin waɗanda muka duba. Yarinyar da ke kan teburi, 'yar ƙasar Filifin, ba ta miƙo hannu ta karɓi katinmu ba. Sai da ta dubi sandar Hajiya, sannan ta ɗauki biro ta zana mana tafiyar a bayan takarda. Ashe Tulum ba a tsibirin Kozumel yake ba, can yake a tsallake, a babban yankin ƙasar Meziko. Sai an shiga jirgin fito zuwa Playa del Carmen, tafiyar kusan minti 45 a ruwan da yakan tashi har ƙarfafa su yi amai, sannan mota ta kusan awa ɗaya, sannan tattaki cikin rana a wurin da inuwa ta yi ƙaranci, a kuma maimaita wannan duka a dawowa. Ta ce, "Yallaɓai, in kun ce a yanka tikiti zan yanka. Amma Mama za ta sha wahalar hanya fiye da kallon da za ta yi." Ta juya shafi ta nuna mana San Gervasio, wani kufai na mutanen Maya ɗin dai, a cikin tsibirin kansa, mota kawai za ta kai mu, kuɗinsa kuma bai kai na Tulum ba ko kusa. Ta ƙara da cewa mu shafa maganin sauro, don wurin cikin kurmi yake.

Na tsaya ina kallonta. Ta rage wa kamfaninta ciniki da bakinta, ba wanda ya tilasta ta.

San Gervasio ba shi da girman da zai sa ka riƙe baki, gaskiya ɗaya ce. Gine-ginen duwatsu ne gajeru, warwatse cikin itatuwa, da tsofaffin hanyoyi da aka shimfiɗa da farin dutse, da manyan ƙadangaru kwance a kansu suna shan hantsi, ko gezau ba sa yi in ka wuce. Amma jagoran da kuka haɗa mu da shi ya san aikinsa. Ya ce wurin na bautar wata gunkiya ce mai suna Ixchel, wadda mutanen Maya suka jingina wa sha'anin haihuwa, kuma mata kan tsallako teku a kwalekwale daga babban yankin don su kawo mata ziyara, har zuwa lokacin da Sifaniyawa suka iso tsibirin a 1518, cutar agana ta biyo bayansu ta ƙarar da yawancin mutanen. Ya kai mu wani ɗaki da ake kira Las Manitas, inda shatar tafin hannu ja-ja ke jikin bango har yau, ƙanana, ana iya ƙirga yatsun. Hajiya, wadda ta yi shekaru tana aikin unguwarzoma, ta daɗe a tsaye a wurin. Inda hanya ta yi gargada jagoran kan rage tafiya ba tare da ya nuna don ita yake yi ba, sai ya ƙirƙiro wani bayani kan wata bishiya har ta iso.

A hanyar dawowa an tsaya a wani wuri da ake ba baƙi ɗanɗanon barasar ƙasar. Da ma kun faɗa mana za a tsaya, kun kuma rubuta wa jagoran cewa ba ma sha. Kafin mu buɗe baki ya kai mu wata rumfa a gefe, aka kawo mana wani jan abin sha mai sanyi a kofin gilashi. Hajiya ta kurɓa, ta dube ni, ta fashe da dariya. Zoɓo ne. Zoɓonmu sak, sai dai ba citta ba kanumfari. Akwai na tsamiya ma.

Batun agogo kuwa, da ba don ku ba da wani labarin ake yi. Kozumel da Kayman da Jamaika ba sa matsa agogonsu gaba da bazara yadda ake yi a Mayami, don haka a watan Afrilu agogon Mayami yana gabansu da awa ɗaya, jirginmu kuma a kan na Mayami ya tsaya. Wayar hannu, da zarar ta kama sadarwar gari, sai ta koma lokacin garin da kanta ba tare da ta sanar da kai ba. Mutum na zaune yana cin kifi yana ganin saura awa guda, alhali ana shirin janye gadar shiga. Wani matashi a ofishinku ya karɓi wayoyinmu ya kashe wannan canji, ya dubi agogon hannuna ya ce da shi zan riƙa aiki, ya kuma rubuta mana lokacin da ake rufe shiga da manyan lambobi a jikin tikiti. Ya bayyana mana cewa wanda ya fita ta hannun ofishinku, in motarsa ta makara jirgi na sane da shi, amma wanda ya fita don kansa ya makara, sai dai ya nemi hanyar da zai tarar da jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Bai faɗa da sigar tsoratarwa don mu sayi tikitinku ba, domin shi ne ya ce in kasuwar San Miguel, babban garin Kozumel, kawai muke son gani, ba ma buƙatar ofishinku, tasi ta isa. Da yammacin ranar na tsaya a saman jirgi na ga wasu mutum biyu suna sheƙa gudu a kan doguwar gadar tashar, ledojin tsaraba na kaɗawa, ɗaruruwan fasinjoji na yi musu ihu da tafi daga sama. Sun samu shiga da ƙyar.

Shi wannan matashi ɗan Indunusiya ne, Musulmi. Da ya ga carbi a hannuna ya yi mini sallama, ya nuna mini tashar talabijin ta ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya fuskanta, ya ce daga wannan yanki alƙibla na arewa maso gabas. Ya kuma duba mana fitar da za ta dawo da mu da sauran rana, yadda za mu haɗa Azahar da La'asar a ɗakinmu cikin natsuwa. Wannan ba ya cikin aikin da aka ɗauke shi. Allah Ya saka masa da alheri, Ya mayar da shi ga iyalinsa lafiya.

A George Town, babban birnin Kayman, manyan jirage ba sa matsawa gaɓa. Can nesa suke tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane. Tun daren kun gaya mana cewa in iska ta yi ƙarfi kyaftin na iya fasa tsayawar gaba ɗaya, a mayar mana da kuɗin fitar, don kada ranmu ya ɓaci in hakan ta faru. Ba ta faru ba. Amma tsallakawa daga babban jirgi zuwa ƙarami, ɗaya na tsaye ɗaya na lilo, abu ne da ya ba Hajiya tsoro. Kun sa mu a gaban layi, ma'aikata biyu suka tsaya dama da hagu, ɗaya ya tambaya tukuna ko za ta yarda ya riƙe hannunta ko a kira mace. Ɗana ya riƙe ta, su kuma suka ƙirga mata tashin ruwa da saukarsa har suka ce yanzu.

Daga nan aka kai mu Stingray City. Ba gari ba ne, wani tudun yashi ne a ƙarƙashin ruwa, a tsakiyar teku, inda ruwan ya tsaya wa babban mutum iya ƙugu, garau har kana ganin farcen ƙafarka. Kifayen da ke wurin masu faɗi ne kamar faifai, wasu manya sosai, da doguwar wutsiya mai ƙaya mai dafi. An ce masunta ne a da ke tsayawa nan su gyara kifi su zubar da kayan ciki, har kifayen suka saba da jin ƙarar inji su taho. Aka ce mu riƙa jan ƙafa a yashi, kada mu ɗaga mu taka, don sai an taka su suke sara. Na shiga da doguwar riga mai hannu da wando har idon sawu, domin kun riga kun tabbatar mana ba wanda zai hana, Turawa da yawa ma haka suke rufe jiki saboda rana. Wata babba ta zo ta goga mini ƙafa, sai da na yi salati da ƙarfi har na kusa da ni suka juyo. Jagoran ya tallafo ta a hannuwansa ya ce in shafa. Bayanta da ɗan kaushi, cikinta fari ne, sulɓi, da laushi. Bakin yana ƙasa, da aka ba ni guntun nama na riƙe a dunƙule da babban yatsa a ɓoye kamar yadda aka koya mana, sai na ji ta zuƙe shi da ƙarfin da ban zata ba. Hajiya tana kan jirgi a inuwa tana ɗaukar hoto, tana cewa ta ga ranar da Alhaji ya ji tsoron kifi.

Kayman akwai tsada, dalarsu ma ta fi ta Amurka daraja. Ba mu sayi komai ba.

A Ocho Rios, tasharmu ta Jamaika, kowa Dunn's River yake nufa, ruwan da ke gangarowa bisa duwatsu hawa-hawa, tsayinsa kimanin mita 55, tsawon gangarensa kimanin mita 180, har ya faɗa cikin teku. Ana hawansa ne daga ƙasa, a jere, kowa riƙe da hannun na gabansa da na bayansa, jagora na nuna inda za a taka. A nan ma kun gaya mana gaskiya: duwatsun da santsi, sai da takalmin ruwa, kuma ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne, amma akwai matakala a gefe cikin inuwa da wuraren tsayawa da za mu bi muna kallo. Haka muka yi. Ɗana ya hau ya fito sharkaf yana haki, mu muna bushe.

Kasuwar sassaƙa da ke hanyar fita kun ja mana kunne a kanta: kada mu karɓi abin da aka danƙa mana da sunan kyauta, kada mu faɗi sunanmu ga mai sassaƙa, don kafin ka ankara ya zana shi a jikin itace ya ce kaya ya zama naka. Wannan kam gida aka zo. Na yi ciniki na more, na taya rabi, muka yi ta ja har muka daidaita muna dariya, mai kayan ya ce shi bai taɓa ganin fasinjan jirgi irina ba. Da ya ji daga Najeriya nake ya dafa ƙirji ya ce daga can kakanninsa suka fito. Game da gasasshen namansu mai attarugu, wanda ƙamshinsa ya cika titi, kun sanar da mu cewa sau da yawa kaza da alade a wuta ɗaya ake gasa su, don haka muka tsaya a kifi. Direbanmu kuma ya tsaya ya nuna mana bishiyar da ake yin abincin ƙasar da 'ya'yanta, haɗe da busasshen kifi mai gishiri. Ina ganin jajayen 'ya'yan da suka tsage, da baƙaƙen ƙwayoyi masu sheƙi a ciki, na gane gwanja kusa ce. Ya ce daga Afirka ta Yamma aka kawo ta, kuma ba a cin ta sai ta buɗe da kanta a kan bishiya, in ba haka ba dafi ce. Tsofaffinmu ma haka suke faɗa.

Roƙo ɗaya gare ni. Duk abin da ya sauƙaƙa mana wannan tafiya da baki aka faɗa mana shi, don mun zo teburinku mun tambaya, mun kuma dace da mutanen kirki. Akwai masu kunyar tambaya, akwai waɗanda tun daga gida suke sayen tikiti ta intanet. Ku sa alama a littafinku a gefen kowace fita: wadda ake tsayawa shan barasa, wadda abincinta ke da alade, wadda ke da matakala da yawa, da tsawon zaman mota. Musulmi zai amfana, mai ciwon gwiwa ma zai amfana ko wane addini yake bi. Ina kuma roƙon shugaban ofishin ya duba jadawalin waɗanda suka yi aiki a teburi a wannan tafiya, ya gano yarinyar nan 'yar Filifin da matashin nan ɗan Indunusiya, a sa musu wannan wasiƙa a fayil ɗinsu don ranar ƙarin girma. Ƙanena da iyalinsa na shirin tasu tafiyar, na ce musu ranar da suka shiga jirgi su fara da teburinku kafin su nemi ɗakin cin abinci.

Hajiya na gaishe ku da kyau.

Naku,
Wani fasinja daga Kano