Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Ga Kamfanin Da Ke Kai Matafiya Japan: Abincin Da Kuka Kira Halal

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Manaja.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan liyafar dare da kuke sakawa cikin tsarin tafiyarku ta Tokyo, wadda takardar tallarku ta kira "abincin Japanawa na halal". Gidan da kuke kai mutane izakaya ne, wato mashaya mai sayar da abinci, kuma iyakar abin da kuka shirya da su shi ne kada a kawo naman alade a faranti. Wanda ya san girkin Japan ya san wannan bai isa a kira shi halal ba.

Babbar matsalar tana cikin kayan miya. Mirin, ruwan nan mai zaƙi da ke sa kaza da kifi su yi sheƙi, idan na asali ne yana ɗauke da giya kusan kashi 14 cikin ɗari. Sake kuwa giyar shinkafa ce tsantsa, kusan kashi 15, kuma mai girki yana zuba ta a tukunya kamar yadda uwargida ke jefa daddawa a miya, ba tare da ya ɗauke ta a bakin komai ba. Da su biyun ake haɗa miyar teriyaki, da ruwan da ake shafa wa tsiren kaza na yakitori, da romon sukiyaki, har wainar ƙwan nan mai zaƙi-zaƙi da ake naɗewa. Jagoranku yana cewa wuta tana ƙone giyar. Tafasa tana rage ta, amma ba ta kawar da ita ƙaf, kuma akwai miyar tsomawa da ba ta hawa wuta sam. Akwai wani nau'in mirin da giyarsa ba ta kai kashi ɗaya ba, sai dai ba mu ga shaidar cewa kun taɓa tambaya wane ne gidan ke amfani da shi ba.

Sai alade da ba a gani da ido. Romon taliyar ramen da ake kira tonkotsu ƙashin alade ne ake dafawa sa'o'i masu yawa har ya yi fari. Ko ramen ɗin da aka ce na kaza ne, sau da yawa ana haɗa romonsa da ƙashin alade. Gyoza, 'yar ƙullin fulawa mai nama a ciki, da niƙaƙƙen alade aka saba cusa ta. Dunƙulen kori na kanti sau tari da kitsen alade a ciki. Tempura kuma, jatan lande ne da kayan lambu, ba laifi, amma idan kasko ɗaya ne da wanda ake soya tonkatsu, wato soyayyen naman alade, man ya riga ya gauraye. Kaza da naman sa ma akwai tambayar wa ya yanka, kuma jagoranku ba shi da amsa.

Ba muna cewa a guji abincin Japan ba ne. Romon dashi na ganyen teku na kombu da busasshen kifi ne, sashimi ɗanyen kifi ne zalla, kifin da aka gasa da gishiri kaɗai shi ma lafiya lau. Batun shoyu, ruwan waken soya, wanda ɗan giya ke samuwa a cikinsa lokacin da yake tsima, malamai sun yi saɓani a kai, kowa da fatawar da yake bi. Haƙƙinmu a kanku shi ne ku faɗa mana gaskiya, kowa ya zaɓa da saninsa.

Ya kamata ku san cewa a Japan ba gwamnati ke ba da shaidar halal ba. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, irin su Japan Halal Association da Japan Muslim Association, kuma sharuɗɗansu ba lallai su zo ɗaya ba. Haka nan allon da ke cewa gida yana maraba da Musulmi ba daidai yake da takardar shaida ba, domin gidan na iya sayar da giya, yana iya dafa alade a madafi guda. A Tokyo akwai gidajen ramen da na gashin nama masu takarda, musamman wajen Asakusa da Shinjuku, don haka ba rashin wuri ne ya hana ku ba.

Akwai kuma maganar kuɗi. A izakaya ana ajiye wa kowa ɗan ƙaramin kwano da bai nema ba, ana kiransa otoshi, kuma kuɗin zama ne, yawanci yen 300 zuwa 500 kan mutum ɗaya. Kun ce liyafar tana cikin kuɗin tafiya, sai ga shi ana karɓar wannan daga aljihun mutane a bakin ƙofa. Sannan tsarin da kuka biya ya haɗa da shan giya iya son rai na awa biyu, ga ayarin da kusan kowa shayi ko lemo yake sha.

Muna neman ku cire kalmar halal daga tallarku har sai kun koma gida mai takardar shaida, ku kuma rubuta sunan ƙungiyar da ta bayar. Kafin ku kama tebur, ku nemi amsa a rubuce kan mirin da sake, da romo, da man suya, da inda naman ya fito, ku aiko wa matafiya kafin su hau jirgi. Ku ba jagora kati da rubutun Japananci mai bayyana abin da ba ma ci, saboda ma'aikatan irin waɗannan gidaje ba kowa ke jin Turanci ba. Waɗanda suka tashi ba su ci ba, a mayar musu da kuɗin liyafar tare da na otoshi.

Muna sauraron amsarku a rubuce kafin ayari na gaba ya tashi.

Wassalam,
Wasu daga cikin abokan cinikinku