Rijiya kaɗai ba ta riƙe garke

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta sharhin da kuka buga makon jiya kan halin da makiyaya ke ciki, inda marubucin ya ce maganin matsalar shi ne gwamnati ta yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse a dajin kiwo. Niyyarsa mai kyau ce, amma ni da na tsufa a aikin malamin dabbobi, ina da ja.

Kowane daji yana da iyakar bakunan da zai iya ciyarwa, kuma abin da ya fi ƙaranci a cikinsa shi ke yanka wannan iyaka. A da, ƙafewar tafki ce ke tayar da makiyayi, ya yi gaba, ciyawa ta samu hutu. Da aka haƙa manyan rijiyoyi a yankin Sahel cikin shekarun 1960, lokacin da damuna ke albarka, sai dabbobi suka ƙaru, suka kuma tare wuri guda. Da farin 1973 ya zo, shanu da dama a bakin rijiya suka faɗi, ga ruwa sun ƙoshi, amma ko tsinken ciyawa babu a kewaye. Yunwa ce ta kashe su, ba ƙishirwa ba.

Abin bai tsaya a ƙasarmu ba. A 1944, Amurkawa sun kai wani irin barewar ƙasar ƙanƙara guda 29 tsibirin St. Matthew da ke tekun Bering. Babu namun dajin da ke farautarsu, ga abinci jibge, wani gansakuka mai fitowa a ƙasa da kan duwatsu. Kafin 1963 sun kai wajen 6,000. Sai dai gansakukan nan shekaru yake ɗauka kafin ya sake tohowa, su kuwa sun lashe shi ƙarƙaf. Hunturu mai tsanani ya zo sau ɗaya. Da masanin dabbobi David Klein ya koma tsibirin a 1966, guda 42 kacal ya tarar. Wanda ya ƙirga su a 1963 zai rantse tsibirin na iya riƙe dubu shida. Ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Haka muke yaudarar kanmu da koren watan Agusta. Ma'aunin gaskiya shi ne bazara, watan Mayu na shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, lokacin da buhun dusa ya gagari mai shanu.

Ban ce kada a haƙa rijiya ba, Allah Ya kiyaye. Roƙona shi ne a auna ciyawar da ke kewaye tukuna, a yi ƙananan rijiyoyi a warwatse maimakon babba ɗaya, sannan a buɗe burtalolin da gonaki suka cinye, domin garke ya samu hanyar tashi idan wuri ya gaji.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Tsohon malamin dabbobi, daga Maraɗi