Ba aljanu suka rushe Sawakin ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk sa'ad da aka ba da labarin alhazan da suka tafi Makka a ƙasa, sai a ambaci Sawakin a jimla ɗaya a wuce, wani lokaci a ƙara da cewa gari ne na aljanu shi ya sa ya zama kufai. Ina roƙon ku ba wannan gari fili, domin abin da ya kayar da shi sananne ne, kuma yana da magani.

Sawakin tana Jihar Bahar Maliya ta Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan. Tsohon garin a kan ɗan tsibiri yake, sai unguwar Gef a tudu. Turkawan Usmaniyya sun riƙe ta tun ƙarni na 16, Masar ta karɓa a 1865. 'Yan ƙasa su ne Beja, irin su Hadandawa da Amarar. A kansu aka sami fatake daga Hadramaut da Hijaz da Indiya da Girka, sai Rashaida da suka ƙetaro daga Hijaz a ƙarni na 19, sai kuma namu, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda ake kira Takari ko Fallata. Wasu sun tsaya neman kuɗin jirgin Jidda, zama ya kama su har jikoki.

Gidajen tsibirin da dutsen murjani aka gina su, wanda ake sarowa daga bakin teku. Dutse ne mara nauyi mai ramuka kamar soso, yana shan ruwa. Magini kan jera fuska biyu ta sassaƙaƙƙen dutse, ya cike tsakiya da ɓaraguzai, bayan 'yan layuka ya shimfiɗa itace a kwance domin ya ɗaure bangon. Daga nan sai yaɓen farar ƙasa, ita ma daga murjanin ake ƙona ta. A bene ake liƙa roshan, wato tagar katako mai fitowa waje, da sassaƙa mai ƙananan ƙofofi, iska ta shiga, na waje kuma bai ga na ciki ba. Katakon na itacen da ake kira tik ne, wanda jiragen ruwa ke kawowa daga gabas.

Rayuwar irin wannan gini duk a yaɓe take. Da Turawan Ingila suka fara gina Fot Sudan a 1905, saboda mashigin Sawakin ya yi wa manyan jirage ƙunci, 'yan kasuwa suka kwashe. Ba mai sabunta yaɓe, ba mai share indararo. Ruwan wannan gaɓa da sanyi yake sauka, wajen Nuwamba zuwa Janairu, kaɗan ne amma da ƙarfi. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, ya bi kan azara ya ruɓar da ita a daidai inda ta shiga bango, gara ta ƙarasa. Rufi na faɗawa, bango ya rasa abin da ke riƙe shi, fuskokin nan biyu su rabu. Ta ƙasa kuma ruwan gishiri na hawa cikin dutsen, ya bushe, gishirin ya daskare a ramukan ya riƙa farfasa shi. Duk maginin da ya san abin da damina ke yi wa soron da aka bar shi ba yaɓe zai gane wannan nan take. Ga kuma matsalar gado: gida ɗaya magada da yawa, sun warwatsu, ba mai ikon taɓawa shi kaɗai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyara da siminti. Siminti ya fi murjani tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, sai gishiri ya taru a bayansa, wata rana ya ɓalle da fuskar dutsen gaba ɗaya. Rodi ma haka, iskar teku ta sa shi tsatsa, ya kumbura ya tsaga bango. Hanyar da ta dace ita ce a ƙona dutsen farar ƙasa a zafin kimanin digiri 900 a ma'aunin Celsius, a jiƙa shi a rami ya yi makonni ya zama kamar kindirmo, a kwaɓa awo 1 da yashi awo 3. Yashin a wanke shi da ruwan daɗi, na bakin teku gishiri ne. A yi shafi uku marasa kauri, a riƙa yayyafa ruwa ana kare shi daga rana, don in ya bushe da gaggawa zai tsattsage. Amma kafin duk wannan, a tokare bango, a gyara rufi da indararo tukuna.

Hukumar TİKA, mai kula da ayyukan taimako na Turkiyya a ƙasashen waje, ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i, kuma garin na cikin jerin wucin gadi na wuraren tarihin duniya na UNESCO tun 1994. An gode, sai dai gini biyu ko uku ba su ne gari ba, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ja hankali wani wajen. In ba a horar da magina 'yan garin da za su riƙa shafe duk shekara ba, wanda aka gyara ma zai koma gidan jiya.

In kun tura wakili, kada ya tsaya a kan duwatsu. Ya nemi mai kaɗa basankob, garayar Beja mai tsirkiya biyar, ya ga rawar takobi, ya zauna a sha jabana, wato gahawa mai citta. Ya duba niƙabin matan Rashaida da adon azurfarsa. Sannan ya shiga unguwannin Hausawa a Fot Sudan, inda ake gasa agashe, wato irin tsiren can, ya naɗi muryar tsofaffi: daga wane gari kakanninsu suka taso, shekara nawa suka yi a hanya, a ina aka tsare su don duba lafiya kafin hawa jirgi. Masu wannan sani suna ta raguwa, a fara da su.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum